Suna na Wani, Fuska ta Wani

A Amurka, a da kamfanin Topps ya daɗe yana sayar wa yara cingam haɗe da kati mai hoton ɗan wasan besbol. Aikin ba wuya. A ɗauki hoton mutum, a rubuta sunansa. Shi ke nan.

To, a 1957 aka juya hoton Hank Aaron wajen bugawa. Bawan Allah da damansa yake bugu, ya wayi gari bahago. Ko shawararsa ba a nema ba.

Na 1969 ya fi armashi. Katin ya rantse cewa wannan Aurelio Rodriguez ne na ƙungiyar Angels. Fuskar kuwa ta yaron da ke kwashe wa 'yan wasa sanduna ce. Ya kafa hula, ya tsaya da kyau, bai ce uffan ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Shi kuwa Glenn Hubbard, a katin kamfanin Fleer na 1984, da ƙaton maciji ya fito, rataye a kafaɗa. Nasa dai babu gardama, fuskarsa ce. Macijin ne aka manta ba a rubuta ƙungiyarsa ba.