Likitan Laima

Sarin takalma ya kai ni Gwanzu a watan Maris, lokacin da bishiyar da Sinawa ke kira mumiyan take zubar da jajayen furanninta. Fure ne mai nauyi, in ya faɗo sai ka ji tim, kuma tun 1982 birnin ya ɗauke shi alamarsa. Na ga tsofaffi suna tsinta suna shanyawa a bakin titi. Tafintana ya ce magani ne: mutanen kudancin Sin suna dafa busasshensa don tsayar da zawo da atuni, da fitar da zafi da laima daga jiki, yana kuma cikin shayinsu na furanni biyar.

Ni dai laimar na riƙe. Nan take na gano ita ke damuna: ciwon gwiwa, kasala, har rashin ciniki.

Ɗan kasuwar Kano ya sayi abin da ke zube a ƙasa? Allah ya kiyaye. Da asuba na fita da leda, cikin babbar riga, ina rige-rige da wata tsohuwa da ta fi ni zafin nama, duk wanda na hango sai in tarar ta riga ta dafe shi da sanda. Abin da na samu na baza a gadon otal, na kwana a kujera. Ashe a wannan watan har bangon Gwanzu gumi yake yi. Maganin laima, laima ta cinye shi: funfuna, wari, ga ƙananan ƙwari suna yawo. Mai shara ta leƙo, ta kira manaja, na biya kuɗin zanin gado. Daga nan na lallaɓa shagon magani na sayo buhu, na kuma biya kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi.

A gida na tara iyali, na gyara hula, na fara lacca kan hikimar Sinawa. Hajiya ta ɗauki ɗaya, ta juya, ta sansana.

"Kai, ɗan nan, ba furen gurjiya ba ne wannan? Ga bishiyarsa can bayan gonar kakanka, awaki ke ci."

Dangin juna ne kuwa. Ban gama laccar ba ta sa an ɗora tukunya, da daddare aka kawo tuwon dawa da miyar maganina. Ta ci loma biyu ta ce na Sin ɗin ma bai kai namu yauƙi ba.