Wasiƙa daga Manchesta: Ubangidanka Ya Fara Gudu

Zuwa ga taubashina, bawan gidanmu,

Maganar fili mun kashe ta a waya, ta rufin ɗakin Inna kuwa ina nan kan bakana. Kuɗin shararka na bana suna tafe, ka daina aiko min saƙon murya kana marairaicewa. Nan lafiya lau, sai ruwa. Yayyafin garin nan bai san rani ba, bai san damina ba, ya rantse ba zai ɗauke ba sai an busa ƙaho.

To, gyara zama. Ubangidanka ya fara gudu.

Na san tambayar da ke bakinka: wa ya biyo ni? Wallahi ba kowa. Ba kare, ba 'yan sanda, ba mai bin bashi. Likita ce ta ɗaura min abin awo a dantse, ta dubi lamba, ta dubi tumbina, ta girgiza kai. Ka san in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Nawa sa-gudun ya zo da farar riga da tabarau.

Mutanen nan, taubashi, gudu ne addininsu na biyu. Kowace Asabar da ƙarfe 9 na safe sai ka ga jama'a sun yi dafifi a lambun Heaton Park, tsoho da tsohuwa, mai jego da keken jariri, wani har da karensa, a busa musu su zuba a guje kilomita 5. Suna kiran abin parkrun. A 2004 aka fara shi a wani lambu na Landan da mutum 13, yanzu ya cika ƙasar. Ba kofi, ba rago, ba ko kwalin sabulu. In sun gama sai su tafa wa wanda ya zo na ƙarshe. Ka duba min wannan! A unguwarmu da za a ga dattijo mai furfura ya fito da gajeren wando yana sheƙa gudu da sassafe, kafin ya kai bakin masallaci an tare shi ana tofa masa addu'a, rabin unguwa kuma sun riga shi yin gaba, don ba wanda zai tsaya tambayar abin da ya koro shi.

Wannan ma mai sauƙi ne. Akwai gidan motsa jiki, inda mutum zai biya kuɗi duk wata ya hau inji ya yi ta gudu a wuri ɗaya. Ka yi rabin awa kana haki, ka sauko, kana nan inda kake, gaban tagar da ka bari. Wasu ma a mota suke zuwa, su yi ta zagaye suna neman gurbin da ya fi kusa da ƙofa don kada su sha tafiya. Na bincika asalin injin nan. Wani injiniya ne, William Cubitt, ya ƙirƙiro kakansa a 1818 don horon fursunoni: a jera su suna taka wata ƙatuwar ƙafa mai juyawa, wani lokaci ta niƙa hatsi ko ta jawo ruwa. Ka ji, su ko gari suna samarwa. Ni da kuɗina nake biyan hukuncin, kuma ko gwangwanin dawa ban niƙa ba.

Abin da ke kashe mutum a kan injin ba gajiya ba ne, shiru ne. Ba mai ce maka sannu. Kowa ya toshe kunne yana kallon bango. Na ce to ni ma bari in toshe nawa. Da waya na fara, sai dai wayar zamani faranti ce, tana aljihu tana jan wando ƙasa, hannu ɗaya na gudu ɗaya na riƙon mutunci. Ga kuma ku. Da waƙa ta ɗauko daɗi sai kira ya shigo: kai ne, ko Kawu, ko wani da ya ce tare muka yi firamare. Nan na ƙudura sai na sayi 'yar na'urar waƙa wadda ba ta da lamba, ba ta san WhatsApp ba, ba ta san ina da dangi ba.

Yaron kantin da na fara shiga kallona ya yi kamar na ce ya kawo min fitilar aci-balbal. Ashe abin ya zama kayan tarihi. Kamfanin Apple da ya fito da iPod a 2001 ya daina yin ƙananan tun 2017, ya rufe babin gaba ɗaya a 2022. Da a ce ana yi, da iPod Shuffle zan ɗauka: giram 12 da rabi, giga 2, ka maƙala a wuyan riga ka manta. Sai dai yanzu na hannu kawai ake samu, batirinsu ya tsufa, kuma ba ta da fuska, ba ka ganin abin da za ta sako maka. Wani ɗan Zangon Kumasi da muke aiki tare ya ba ni aron tasa. Ya cika ta da wa'azi da waƙoƙi a cakuɗe. Ina tsakiyar gudu malam yana bayanin kwanciyar kabari, zuciyata ta karaya, ƙafa ta yi sanyi, kafin in ce astagfirullah sai ga Barmani Choge da ƙwaryarta. Baturiyar da ke injin kusa da ni ta matsa gaba.

Akwai ta Sony, cikin dangin Walkman ɗin nan da aka fara tun 1979, wadda gaba ɗayanta a kunne take zama, ba igiya, har iyo ake yi da ita. Na ce a kai kasuwa. Ni da ko kududdufin bayan gari ban taɓa shiga ba.

Daga ƙarshe SanDisk Clip Jam na ɗauka, kuma ka saurara ka ƙaru, ko da yake na san iyakar gudunka daga tabarma zuwa akushi ne. Na farko, tana da maƙali, sai ka cije ta a riga. Na biyu, madannai gare ta na gaske, waɗanda yatsa ke ji ba sai ido ya gani ba, don gilashin shafawa ba ya jin magana in hannu ya jiƙe da gumi ko yana cikin safa. Ba ta da Bluetooth, iyafis mai igiya ake sa mata, ni kuwa hakan ya yi min, abin caji ɗaya ya ishe ni. Masu ita sun ce batirin yana kai awa 18. Cikinta giga 8 ne, waƙar MP3 kuma kusan mega ɗaya take ci a minti, ka ga ta haura awa 100 ke nan, ko Shata sai ya sha ruwa kafin ya cika ta. Ga rediyon FM, ga ramin memori. Ka jona ta da kwamfuta ka zuba abin da kake so, ba mai tambayarka katin banki.

Sai zaɓen kiɗa, wanda shi ma ilimi ne. Narambaɗa ba na gudu ba ne, da ya fara sai in tsinci kaina ina takun ƙasaita, inji yana neman kayar da basarake. Kuntigin Ɗan Maraya Jos ya dace da sassarfa. Kalangun Shata shi ne daidai ƙafata, Bakandamiya ɗaya ta kai ni inda likita ke so. Ɗan Anace kuwa na haramta wa kaina shi a bainar jama'a, don da ya ambaci Shago sai hannuna ya dunƙule, ni kuma takarduna ba su yi ƙwarin da zan naushi ɗan ƙasa ba.

Ka san wani abu? In kiɗan nan yana kunnena ba na ganin hazo. Ranar nan na ji ina amsa amshi da ƙarfi a tsakiyar lambu, na waiga in ga wa zai taya ni, sai agwagi. Ba komai. Tumbin dai ya fara ja da baya, na ƙara huda a bel, in na zo ba za ka gane ni ba sai dai ka durƙusa ka yi gaisuwa.

Yanzu ga aikinka. Ka je Farm Centre wajen masu tura waƙa, ka sayi memori mai kyau, kada ya wuce giga 32. A zuba min Shata duk abin da suke da shi, da Ɗankwairo, da Ɗan Maraya, kowa a jakarsa daban. In ka shiga gida ka tarar Inna tana yi wa jikoki faɗa, ka danna rikodin a ɓoye ka haɗa min da shi, ko na minti goma ne. Ka ba wa duk mai tahowa. Kuɗin memorin ka cire a cikin na shara.

Ka gaida Inna, ka gaida Kawu, ka ce masa wayata ba ta lalace ba.

Naka,
Ubangidanka na Manchesta