Wahalar Saye Ba Ta Cika Sai da Shaida

Duk shekara, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, wata lalura kan kama masu hali a ƙasashen Turai. Mutum yana da gida mai na'urar ɗumama ɗaki, ga mota, ga albashin da ba ya makara, sai kawai ya ɗauki hutu, ya goya 'yar jaka, ya nufi duwatsun Alps don ya yi mako guda yana gudu a hanyar da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta taka. Ba korarsa aka yi ba, ba kuma bashi ake bin sa ba. Shi ne ma ya biya. Gasar Transalpine Run, wadda aka fara a 2005, tana kwasar mutane daga wani gari a Jamus ko Ostiriya, su yi ta ratsa duwatsu har su sauka arewacin Italiya, tafiyar wajen kilomita 250, hawan da ke ciki kuwa in an tara shi yakan kai mita 15,000. Everest ɗungurungum ɗinsa mita 8,849 ne. In ka tambayi mai shiga me ya kai shi, zai ce maka lafiyar jiki, ko kallon kyan halitta, ko kuma zumunci da abokai. Ni dai a ganina duk rufa-rufa ce. Wahala ake saye a can, ita kuwa wahalar saye ba ta da daraja sai an sami wanda ya gani da idonsa. Aikin abokin da ake ja a tafi da shi ke nan, shaida.

Batun lafiya ba ya buƙatar dogon musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, wato abin da mai zuwa kasuwa a ƙafa yake cikawa bai ma sani ba. Babu inda ta ce a yi kilomita 330 cikin awa 150, kamar yadda ake yi a Tor des Géants a kwarin Aosta na Italiya, inda mutane ke barcin minti ashirin a kan benci su tashi su ci gaba, har rashin barci ya sa su riƙa gaida duwatsu suna zaton mutane ne. Mai neman lafiya ba ya dawowa gida da faratan ƙafa sun yi baƙi suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, cinyoyi sun saluɓe, yana saukowa daga matakala da baya saboda gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Likitoci sun gaji da gargaɗin cewa haɗiyar maganin kashe zafi irin su ibuprofen a tsakiyar irin wannan gudu na iya taɓa ƙoda. Kallon halittar ma haka yake. Babbar gasar UTMB, mai kewaye dutsen Mont Blanc ta Faransa da Italiya da Suwizalan, kilomita 170 da 'yan kai, ana tashinta ne daga Chamonix da yammacin Juma'a. Yawancin masu gudun kwana biyu suke yi a hanya, da fitila ɗaure a goshi, idanu a kan takalmi, don wanda ya ɗaga kai ya kalli tsauni da haƙora zai biya. Wannan hanyar dai ita ce masu yawon shan iska ke bi a hankali cikin kwana goma, suna zama su ci cuku su ɗauki hoto. Su ne suka ga dutsen. Mai gudu tsakuwa ya gani.

Saura zumunci, kuma nan ne maganar take da nama. Transalpine an gina ta ne a kan gudun mutum biyu-biyu, kuma doka ta ce a kowace tashar bincike kada tazarar da ke tsakanin abokan biyu ta wuce minti biyu. A takarda abin sha'awa ne. A kan dutse kuwa, ɗaurin talala ne, domin Allah bai halicci mutum biyu masu huhu iri ɗaya ba. Tun watanni kafin gasa ake fara munafuncin. Kowa a zauren WhatsApp yana kukan bai sami lokacin atisaye ba, aiki ya yi yawa, gwiwa na damunsa, alhali tun asuba yake fita a ɓoye yana hawa da sauka a matakalar filin wasa. Ranar farko ana dariya ana ɗaukar hoto. Ranar uku gaskiya take fitowa, a gane wane ne mai ƙarfi wane ne kaya. Mai ƙarfin sai ya riƙa yin gaba ya tsaya a kan wani dutse, hannu a ƙugu, yana jira cikin irin haƙurin nan da ya fi zagi ciwo, da abokin ya iso yana haki sai ya ce, "Sannu mutumina, saura kaɗan," ya juya ya ci gaba tun kafin wancan ya haɗiye yawu. Shi ya huta, na bayan bai huta ba. Na bayan kuma yana da tasa ƙaryar: "Ka wuce kawai, kada ka damu da ni," yana faɗa yana addu'a a zuci kada a ɗauki maganar da gaske. Kuma "saura kaɗan" ɗin nan, a bakin masu gudun dutse, tana iya zama awa huɗu.

Da dare ma ba a tsira ba. A Dragon's Back ta ƙasar Wales, kwana shida daga fadar Conwy zuwa fadar Cardiff, kilomita 380, mutum yana biyan abin da ya haura fam dubu don a kwantar da shi a tanti ɗaya da mutum bakwai, kowa da jiƙaƙƙiyar safarsa rataye a saman kansa, ga minshari, ga mai tashi ƙarfe huɗu yana kacar-kacar da leda yana neman filasta. A 2021, da aka yi zafi, wajen mutum ɗaya cikin huɗu ne ya kammala. To ka duba halin wanda ya faɗi a rana ta biyu alhali abokinsa na ci gaba. Dole ya tsaya a bakin sansani yana tafi da murmushi, yana ɗebo wa gwani shayi, zuciyarsa kuwa Allah kaɗai ya san abin da take roƙa. Ba don zumunci aka tsara wannan ba. Mai son zumunci ya gayyato abokinsa cin abinci.

Wanda ke shakkar batun shaida ya je ya tsaya a layin ƙarshe ya lura da hannun mai isowa. Kafin ya rungumi abokin da suka sha wuya tare, kafin ya dubi matarsa da ta yi awa uku tana jira da yara, abu na farko da yake yi shi ne ya kai yatsa ya danna agogon hannunsa. Agogon ne zai aika da labarin zuwa Strava, manhajar da tun 2009 take tara wa masu gudu taswirar wahalarsu, abokai su shigo su yaba. In batirin agogo ya mutu a kilomita na tamanin, za ka ga ƙato ya fi jimamin wannan a kan farcensa da ya cire. A jakar kowa kuma an maƙala 'yar na'ura mai nuna inda yake, dangi na gida suna bin ɗigonsa a allon waya har tsakar dare. Ladan da ake bayarwa ma na nunawa ne. A UTMB wanda ya gama 'yar shara ake ba shi, riga marar hannu, wadda zai sa ya je da ita ofis ko da ana zafi. A Western States ta Kalifoniya kan bel ake bayarwa, na azurfa ga wanda ya yi mil 100 cikin awa 24. Asalin wannan gasa ma abin lura ne: tseren dawaki ne, sai a 1974 wani Gordy Ainsleigh, wanda dokinsa ya gurgunce a tseren shekarar da ta gabata, ya shiga da ƙafarsa ya gama cikin ƙasa da awa 24. Doki ya nuna iyakarsa ya huta, ɗan Adam ya karɓi aikin, yanzu har ƙuri'a ake jefawa kafin a sami gurbi.

Za a ce na yi kuɗin goro, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Akwai waɗanda abin a jininsu yake. Jasmin Paris, likitar dabbobi 'yar Birtaniya, ta lashe Spine Race a watan Janairun 2019, mil 268 cikin hunturu, ta doke maza duka cikin awa 83 da 'yan mintuna, tana tsayawa a tashoshi tana tatsar wa jaririyarta nono. A 2024 ta zama mace ta farko da ta gama Barkley Marathons a jihar Tennessee, saura daƙiƙa 99 a cikin awa 60 da aka ɗiba. Irin wannan ba a yi mata dariya, sai dai a cire hula. Barkley ɗin ma za a iya kafa hujja da ita a kaina, tunda an hana na'urar nuna hanya, kuɗin neman shiga dala ɗaya ne da santi sittin, kuma tashin gasar shi ne mai ita ya kunna taba. Amma a duba da kyau. An ɓoye littattafai a cikin dajin, kowane mai gudu sai ya yago shafin da ya yi daidai da lambarsa ya kawo a ƙirga. Wanda ya sare kuma ana busa masa ƙahon jana'izar soja a gaban jama'a. Ko a gasar da ta fi kowace ƙyamar talla, ba a yarda mutum ya sha wuya a ɓoye ba.

Za a kuma ce, mu wa muka fi da za mu yi musu dariya? Wannan kam na karɓa. Saurayin Bafulatani a filin sharo yana buɗe ƙirji a tsula masa bulala, yana murmushi yana duba madubi, kuma da za a ce ya je bayan gari a yi masa dukan nan babu 'yan mata babu makaɗa, ba zai je ba. Halin ɗan Adam ne. Bambancin kawai, shi nasa minti kaɗan ne, ba ya biyan kuɗin rajista, ba ya kuma cewa don lafiyar jiki yake yi.

Inda raha take tsayawa shi ne dutse bai san ana wasa ba. A watan Mayun 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, ƙanƙara da iska suka auka wa wata gasar kilomita 100, mutum 21 cikin 172 suka rasu, yawancinsu sanye da gajeren wando da 'yar riga. Mutum shida wani makiyayi mai suna Zhu Keming ne ya cece su, ya shigar da su kogon da yake fakewa ya hura musu wuta. Saboda haka jerin kayan dole da ake bincika a jakar kowa, rigar ruwa da bargon leda da usur, ba ya cikin abin da nake zolaya, kuma a irin wannan rana dokar minti biyu tana iya zama dalilin da wani zai koma wa iyalinsa.

Sai dai yawancin gasanni lafiya ake gamawa, a nan kuma wahalar ke sauya masu ita. Abokan aiki ne za su sha labarin rana ta huɗu har Kirsimeti, da hoton farcen a waya ana miƙa musu suna cin abinci. Matar gida ta haddace sunan kowane tsauni. Abokan biyu kuwa, da suka sauka ba sa ga-maciji, kowa ya rantse ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai sake ba, sai su tarar babu mai sauraron labarin da gaske sai junansu, domin su kaɗai suka san inda aka yi ƙari da inda aka rage, kuma kowa yana riƙe da asirin kukan da ɗan'uwansa ya yi a bayan dutse. Ba a raba gari da mai irin wannan sirri. Kafin sabbin farata su gama fitowa, saƙo ya shigo waya da tsakar dare: "Mutumina, an buɗe rajistar baɗi. Na riga na sa sunanka, ka turo rabin kuɗin."