Kaboyin Fadama

Finafinan kaboyi ba su mutu a ƙasar Haɗeja ba, tsufa kawai suka yi tare da masoyansu. Matasa sun koma Indiya-fassara da ƙwallon Turai, amma a Guri har yanzu akwai daren da babu wasa, mai gidan kallo ya tausaya wa dattawa ya saka musu Django. A irin wannan dare kake sanin Allah ya yi bayinsa iri-iri.

Kan gaba shi ne tsohon ɗan cirani. Ya yi ga-ruwa a Fagge zamanin Gawon, kuma duk abin da ya tara tsakanin gidajen silima na Plaza da El Dorado ya ƙare. Ba ya jin Turanci ko na sayen burodi, amma shi ne tafinta, ba kuma wanda ya naɗa shi. Akta ya furta kalma biyu, shi zai ba ka jimla goma har da ashar: "Ya ce masa, kai ɗan nema, in ka haifu ka maimaita." Bos ya yi shiru, shirun ma yana da fassara. Django ya ɓullo yana jan akwatin gawa cikin taɓo, kowa ya nutsu, sai ka ji gwiwar hannu a haƙarƙarinka: "Malam, ba gawa ba ce a ciki, bindiga ce mai ruwan harsashi. Ka dai zuba ido." Ka ce, "Baba, ai fim ɗin tun 1966 yake, mun gani." Ya ce, "To ai shi ya sa nake tuna maka."

A wurinsa duk Baturen da ya sa malafa Django ne. Clint Eastwood Django ne mai sigari, Lee Van Cleef Django ne mugu, Terence Hill Django ne mai barkwanci. A kan na ƙarshen ya dace da gaskiya bisa tsautsayi, don Hill ya taɓa fitowa a matsayin Django a 1968. Wani ɗan makaranta ya yi ƙarfin halin gaya masa Franco Nero ɗan Italiya ne, kuma hamadar da Eastwood ke sukuwa a cikinta a Sifaniya take, ba Amurka ba. Ya dube shi sama da ƙasa: "Yaro, ni da na gan shi da idona a Plaza?" Amma ranar da janareta ya mutu fim na tsaka, shi ne ya ƙarasa mana da baki, har da kukan doki da kiɗan arangama, kuma ba wanda ya nemi a mayar masa da kuɗinsa.

Akwai mai doki, wanda bai taɓa sanin labarin fim ko ɗaya ba. Shi dai sirdi da linzami, da tsakin da yake ja duk lokacin da aka yi sukuwar wuni ba a shayar da dabba ba. Akwai malamin da ba ya shiga gidan kallo, amma alwalarsa a bakin ƙofa takan ɗauki awa guda da rabi. Akwai masoyin finafinan Indiya da ya rantse duk daga Sholay Turawa suka kwafa, ko da yake Sholay a 1975 ya fito. Makiyayi da manomi kuwa, kada ka yarda su zauna benci ɗaya ranar da aka sa Shane na 1953, inda masu shanu ke neman korar masu gona daga kwari. Kafin a kai rabi an bar Alan Ladd an koma maganar burtali da wanda ya shuka shinkafa a mashaya.

Sai mai ƙirga harsashi. Ya san Colt ta 1873 shida take ci, don haka da zarar akta ya yi na bakwai bai sake ɗuri ba, sai ya ɗaga yatsa ya sanar da jama'a an cuce su. Ba a son zama kusa da shi. Ni dai ina ganin mutumin yana da hujja, kuma gefena a benci yakan zama fayau, iska na shiga.

Waɗanda suka cancanci yin magana su ne 'yan bindiga, masu ƙona albarushi da gaske a gaban Sarki Adamu Abubakar Maje ranar hawan Sallah, a Haɗeja, garin da Sarki Muhammadu ya yi shahada hannun Turawa a 1906. Ɗan bindiga kallon raini yake yi wa kaboyi. "Wannan ba harbi ba ne, babu ɗuri, babu hayaƙi, ƙasa ba ta amsa ba." Na taɓa ba ɗayansu labarin cewa a Amurka akwai ƙungiya tun 1987, Single Action Shooting Society, inda manyan mutane da jikokinsu ke sa kayan kaboyi, kowa ya raɗa wa kansa laƙabi, su yi ta harbin faranti na ƙarfe ana duba agogo. Ya yi shiru, can ya ce, "Sarkinsu yana wurin?" Na ce babu sarki. Ya ce, "To wa suke yi wa?"

Duk waɗannan ina zama da su lafiya. Wanda ba na yi wa dariya shi ne yaron da ya ari adaka don bikin aboki ko tarbar ɗan siyasa. Bai taɓa zama gaban babba ya koyi awon albarushi ba, ninkawa yake yi don tasa ta fi ta kowa ƙara. Yana jujjuya ta a hannu irin na fim, bakinta ya bi ta kan mata, ya bi ta kan yara, sannan ya ja kunama daidai kunnen doki da ɗan shekara takwas a kai. Ka yi magana ya ce ai babu harsashi a ciki, kamar bututun da aka cika fiye da kima sai da harsashi yake fashewa ya tafi da yatsu. Su waɗancan na Amurka, masu wasan da muke yi wa dariya, biyar suke ɗura wa mai cin shida, a gaban mai sa ido, kuma wanda ya kuskura bakin bindigarsa mai ɗuri ya kalli mutum, a take ake fitar da shi daga gasar. Namu in ya gama, liƙi ake yi masa a goshi.