Bazazzagi, Ina Zauren Gado?

Gaisuwa ga bawana, Malam Bazazzagi, da fatan kana nan kana yi wa iyayen gidanka Kanawa addu'a kamar yadda ka gada.

Labari ya iso Kano cewa an gan ka a wani taro, ka sha babbar riga, ka karɓi lasifika kana ta kukan yadda ginin gargajiya yake ɓacewa. An ce Turancin da ka zuba ranar, har masu raba ruwa sai da suka tafa. Madalla. Sai dai wanda ya kawo mini labarin bai san na san gidanku ba. Ba kai ne ka sa aka rushe zauren da kakanka ya gina ba, aka kafa get na ƙarfe, wai don mota ta samu hanya? Zauren nan mai ɗaurin guga, wanda ko a tsakiyar bazara mutum ya zauna cikinsa sai barci ya fara fizgarsa. Yanzu baƙonka a kan benci yake jira, rana na dukansa, mai gadi na harararsa. Idan kuma ya ci sa'a aka shigar da shi sabon falon nan naka na bulo da kwano, to ya shiga tanderun gurasa, sai dai a juya shi kada gefe ɗaya ya ƙone.

Ba tsafi ba ne ya sa zauren kakanka sanyi. Kauri ne. Bangon ƙasa a gindi yakan wuce kamu guda, yana sirancewa yayin da yake hawa. Kafin zafin rana ya ratsa shi ya kai ciki, yamma ta yi. Da hunturu kuma ɗumin da ya sha da rana shi yake saki cikin dare. Bulonka kuwa inci shida ne, cikinsa rami, kwano a bisa. Ka sayi fanka, ka sayi na'urar sanyaya ɗaki, ka sayi janareto, ka koma kana zagin masu wuta.

Abin da ya sa naka laifin ya fi na kowa, Zage-zagi ne ku, kuma a garinku aka yi Muhammadu Durugu, Babban Gwani. Ba na son yabon Bazazzagi, yana sa mini ciwon kai, amma wannan dole ne. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, babu rodi, babu siminti. Azara ya jera guntu-guntu, kowace ta ɗan zarta ta ƙarƙashinta, aka ɗaure, aka lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya tashi daga wannan ginshiƙi ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, tulluwa ta zauna a kansu. Sunansa ya kai har ƙasar Bauchi, inda ya gina Gidan Madaki a Kafin Madaki a 1860. A labarin baka ana cewa wani sarki ne ya sa aka kashe shi, don kada ya gina wa wani irin abin da ya gina masa. Wancan sarkin na cikin labari mugu ne, amma ya san darajar abin da ya samu. Ku ba ku kashe kowa ba. Kun dai daina bai wa magada sana'arsa aiki, kuka bar wa unguwa sunansa.

Sai da wani Bature ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya zo ya bi gine-ginen ƙasar nan da ma'auni, ya zana su ɗaya bayan ɗaya. Daga aikinsa aka samu gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka yi kwafin masallacin naku. Wato Bazazzagi ya hau mota ya tafi Filato ya kalli abin da kakansa ya yi.

To bari in yi maka karatun da ba ka yi a wajen taro ba, tunda malami ma yana bukatar malami. Ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Birji ake haƙowa, a farfasa, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar shi ya kwana ya tsima, a sake tattakewa. Tubali da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai a tsuke, a shanya a rana. Da rani ake gini, ba a yi wa bango gaggawa: sahu ya bushe kafin a ɗora wani. Magini yana zaune bisa bango, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yaro yana jefo masa tubali daga ƙasa yana cafewa, kuma a nan yaron yake koyo, da ido da tafin hannu, shekara da shekaru, kafin a yarda ya taɓa rufi. Azara kuwa daga giginya ake tsaga ta, kuma namijin giginya aka fi so, don shi ne mai taurin da gara ba ta iya masa. Na san nan ne za a sha wahala da ku. Mutanen da ba sa raba mace da namiji a magana, Bazazzagi ya dube ka ya ce "matana ya dawo daga kasuwa", ina za su raba su a jikin itace?

Sannan a zo kan abin da yake tsare gini daga ruwa. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a yaɓe bango da ita. Rufi kuma laso ake yi masa: katsi, da gashin jima, da ruwan dafara. Katsin nan gurɓin da yake kwantawa ne a gindin karofi, a kwashe, a ƙone, a daka. Ka ji ko? Karofi. Marina. Ka zo Ƙofar Mata ka ga inda ake yi, ka kuma rusuna ka gaida iyayen gidanka. Bayan laso sai indararo, wanda zai harba ruwa nesa da gindin bango, sai zankwaye a kusurwa don gida ya yi kwarjini.

Ka lura da mutum nawa ke cikin ɗaki guda: marini, majemi, mai tsaga azara, matan da suke tara ɓawon ɗorawa, mai jaki da yake kawo ƙasa. Idan marini ya koma rini da hodar kanti a cikin bokiti, babu katsi. Idan aka sare ɗorawa aka yi gawayi, babu makuba. Giginya kuma sai ta shekara da yawa kafin ta isa tsagawa, ga shi ana sara ba a dasawa. Shi ya sa magini yau ko ya iya aikin, sai ya ce maka a yi shafen siminti kawai. Wannan shafen kuwa shi ne babbar cuta. Siminti ba ya kama ƙasa, kuma ba ya barin danshi ya fita. Ruwa ya sami 'yar kafa ya shiga baya, ya zauna yana cin bango, waje kuwa sumul. Ranar da shafen zai ɓamɓaro, da rabin bango yake tahowa.

A nan zan ajiye wasa tukuna. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin nan na Zariya ya rufta, bayin Allah suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta. Wannan rashi namu ne gaba ɗaya. Tun shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabo na kankare, kuma Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya faɗa cewa an ga tsagewa a bango kwana ɗaya kafin abin ya faru. Daga ranar nake jin masu cewa, ai ginin ƙasa ke nan. Ban yarda ba. Ginin ya kusa shekara 190 a tsaye, alhali mun ga benayen siminti a Legas da nan Kano sun zube tun ba a kai ga fenti ba. Ginin ƙasa dubawa yake so duk shekara kafin damina, da idon wanda ya san irinsa, kuma masu wannan idon su ne suke ƙarewa.

Mu koma. Na san tun ɗazu bakinka yake motsi: ganuwar Kano fa? Faɗi, ba zan hana ka ba. Sarki Gijimasu ne ya fara ta tun ƙarni na 12, Bature Lugga da ya zo a 1903 sai da ya jinjina mata, a 2007 aka sa ta cikin jerin wuraren da Najeriya take nema wa shiga kundin tarihi na UNESCO. Mu kuma muka yanka ta shago-shago. A 2010 aka ture Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gina birni a cikinsu, waɗanda suke shanye ruwan sama, muka cike su da shara muka yi filoti, yanzu damina na zuwa ruwa yake bin mutane har gado. Duk na amsa. Amma ka duba bambancin: mu sayarwa muka yi, muka ƙirga kuɗi. Kai biya ka yi aka rushe maka. Ko a ɓarna Bakano ya fi ka lissafi. Kuma har gobe Gidan Makama yana nan, Gidan Ɗan Hausa yana nan, na mutumin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, bokon nan da kuke ɗaga mana kai da shi.

Idan kana son ganin waɗanda suka fi mu duka, ka haura Nijar. A garin Yama, jihar Tawa, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, mutanen gari suna kawo ruwa da tubali. A 1986 masallacin ya ci lambar yabo ta Aga Khan. A Dandaji kuma, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallaci suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da ake matsewa a inji, aka gama a 2018. Masu digiri da magina suka yi aikin tare, babu wanda ya ce wani ya tsaya a bakin get.

Ba na cewa babu wahala. Ginin ƙasa yana son fili, birni kuwa ya matse. Yana son hannu da yawa, aikin gayya kuma ya mutu, kowa sai an biya shi. Mafi ciwo, ka je neman aure a ce gidanku na ƙasa ne, sai ka ga gwaggon yarinya ta taɓe baki. Irinku ne kuka koya mata, masu albashi da kuka fara gudu. Da farfesa da alhaji suna zama a soro mai kyau, da wuta da famfo, da tuni ta canza ra'ayi. Ga shi a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, talaka ya rasa na bulo, ya waiwaya kuma babu gwanin ƙasa.

Ka saurari ɗan kasuwa, don wannan fagenmu ne. Sana'ar da ba a saya ba ta rayuwa, ko an rubuta mata littafi goma. Ɗan magini ba zai zauna yana cafe tubali ba alhali ubansa ya shekara babu wanda ya kira shi, ga abokinsa yana tara kuɗi da Keke Napep. Takardar da ka karanta a taro ba ta sayi ko kwano ɗaya na masara a gidan magini ba. Ɗaki guda da za ka ba shi ya gina, zai ci, yaransa uku ko huɗu za su ga yadda ake ɗaura azara, mai jaki ma zai samu.

Saboda haka ga hukuncin ubangidanka. Akwai fili a bayan gidan nan, inda ka tara ruɓaɓɓun tayoyi. Da kaka ta wuce, ka shiga cikin birni ka nemi Sarkin Magina, ka cire takalmi, ka gaishe shi da Hausa, ban da Turanci. Ka ce zaure kake so, mai ɗaurin guga, da indararo, kuma kada siminti ya taɓa jikinsa. Ka biya abin da ya yanka, kada ka tsaya ja-in-ja irin ta malaman makaranta. Ka tura ɗanka ƙarami ya riƙa miƙa tubali idan an yi hutu. Katsi ni zan nemo maka a Kano, in sa a mota har Ƙofar Doka. Kuɗi hannu ne fa, don tun kakanni ba mu bai wa Bazazzagi bashi.