Rabe-raben Masu Zuwa Cire Haƙorin Hankali

Haƙoran hankali su ne turame huɗu na can ƙuryar baki, biyu a sama biyu a ƙasa, waɗanda suke cike lissafin haƙoran babban mutum su kai 32. Yawanci suna fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, lokacin da sauran 28 suka riga suka mamaye muƙamuƙi. Wani nasa sukan fito sumul bai ma sani ba, wani kuma nasa ba sa cika huɗu, ko ba ya da su sam. Matsala tana tasowa idan wuri ya yi kaɗan: haƙorin ya karkace ya tokari na gabansa, ko ya kwanta cikin ƙashi, ko ya leƙo rabi dasashi ya rufe rabi. A ƙarƙashin wannan dasashin abinci ke maƙalewa, inda buroshi da asuwaki ba sa kaiwa, sai kumburi da wari da zogi su biyo baya.

Tsarin aikin kusan ɗaya ne ko'ina. Ana ɗaukar hoton haƙori don a ga yadda saiwa ta zauna, a yi allurar kashe zafi a dasashi, sannan a girgiza haƙorin har ya saki. Idan a kwance yake, sai a tsaga dasashi, a rage ɗan ƙashi, a raba haƙorin gida biyu ko uku a fitar, a ɗinke. Mai sauƙi ba ya wuce 'yan mintuna, mai taurin kai yakan haura minti 20. Abu uku kawai ake nema daga majiyyaci: ya faɗi gaskiya kafin aiki, ya buɗe baki lokacin aiki, ya ƙyale gurbin bayan aiki. Mutane sun kasu gida-gida gwargwadon wanda suka fi karyawa cikin ukun nan.

KAFIN A HAU KUJERA

Malam Sai-Gobe. Shi ne ya fi yawa. Ciwon yakan taso masa ya lafa, shi kuma duk lafawa yana ɗaukarta waraka. Aljihunsa ba ya rabo da kanumfari, kuma mai kemis ɗin unguwa ya san shi da tafiyar dafe kunci. Kanumfari yana rage zogi da gaske, domin man da ke cikinsa yana ɗan kashe ji, amma ba ya miƙar da haƙorin da ya kwanta. Maganin ƙwayoyin cuta ma kumburi yake kwantarwa na ɗan lokaci, abin da ya kawo kumburin yana nan daram. Malam Sai-Gobe yakan iso asibiti ne ranar da bakinsa ya ƙi buɗuwa fiye da faɗin yatsa ɗaya. Idan aka tambaye shi yaushe abin ya fara, sai ya ce shekaranjiya.

Mai An-Ce. Wannan ya zo da kaya niƙi-niƙi na labaran majalisa. An ce cire haƙorin sama yana kashe ido. An ce tsutsa ce a ciki, hayaƙi kawai za a yi mata ta fito. An ce wani ƙanin abokin surukin wani tun da aka cire masa bakinsa ya karkace. Ido ba ya da abin da ya haɗa ganinsa da saiwar haƙori, kuma tsutsa ba ta zama a ciki. Haɗarin da yake na gaske daban ne, shi kuma Mai An-Ce bai taɓa jin sa ba: akwai jijiyar da ta ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa mai kai ji ga leɓe da haɓa, da wata kusa da ita mai kai ji ga harshe. Idan saiwar haƙori ta kusance su, aiki kan iya taɓa su, leɓe ko gefen harshe ya yi nauyi na makonni ko watanni, wani lokaci da ba kasafai ba ya ɗore. Saboda haka ake ɗaukar hoto. Idan likita ya yi masa wannan bayani, yakan saurara da kyau, sannan ya sake tambaya game da ido.

Likitan Waya. Ya kwana yana kallon bidiyon tiyata a YouTube, ya haddace sunayen kayan aiki, har yana gyara wa ma'aikaciyar jinya lafazi. Yakan shigo da shawararsa a gama: a cire duka huɗun yau, har da waɗanda ba su taɓa damunsa ba. Likitoci da yawa ba sa taɓa haƙorin da ba ya ciwo ba ya ruɓa. A Birtaniya ma tun shekarar 2000 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ba da shawarar a daina cire haƙorin hankali lafiyayye don rigakafi kawai. Likitan Waya ya karanta wannan ma, amma wani bidiyon ya ce akasin haka, kuma mai bidiyon ya fi yawan mabiya.

Lafiya-Ƙalau. Duk tambayar da aka yi masa amsarta ɗaya ce. Hawan jini? Lafiya ƙalau. Ciwon suga? Alhamdu lillahi. Sai an ɗaura masa abin awo a dantse sannan ya tuna cewa akwai wata 'yar ƙwaya da yake sha da safe, “amma ba wani abu ba ne, Likita.” Tambayoyin nan ba na gaisuwa ba ne. Magungunan tsinka jini irin su asfirin da wafarin suna sa jini ya ƙi tsayawa. Suga da bai daidaita ba yana jinkirta warkewa. Mai sikila, da mai juna biyu, da mai ciwon zuciya, da wanda wani magani ya taɓa yi wa borin jini, kowannensu akwai shirin da ake yi masa daban. Mai gyambon ciki kuma ba a cika ba shi ibuprofen ba.

A KAN KUJERA

Namijin Duniya. Tun a benci yake ba sauran masu jira ƙwarin gwiwa. Ya taɓa karaya a ƙafa bai yi ko tari ba, wanzami ya taɓa yi masa ƙaho goma a zama ɗaya, ya ma tambaya ko za a iya yi ba tare da allura ba. Da zarar ya ga tsinin allurar ya nufo bakinsa, sai gumi ya karyo, ido ya juye, a kwantar da kujera a ɗaga ƙafafunsa. Suman ba na mamaki ba ne: tsoro ne ya haɗu da yunwa, domin irinsa ba ya karyawa kafin ya fito. Wanda za a yi wa allurar dasashi ana son ya ci wani abu tukuna. Wanda za a sa barci gaba ɗaya ne ake hana abinci na kimanin awa 6, kuma shi ne dole ya zo da ɗan rakiya, ba zai tuƙa mota ko babur a ranar ba. Bayan ya farfaɗo, Namijin Duniya yakan ɗora laifin a kan zafin gari.

Mai Cafke Hannu. Allura tana kashe zafi, amma ba ta kashe jin dannawa da girgiza, ba ta kuma toshe kunne. Majiyyaci zai ji ana tura muƙamuƙinsa, ya ji ƙarar injin, ya ji wani ɗan ƙas lokacin da haƙorin ya rabu. Duk ba ciwo ba ne. Mai Cafke Hannu ba ya bambance su, don haka duk ƙarar da ya ji sai ya damƙi wuyan hannun likita, wanda a lokacin yake riƙe da abu mai kaifi a cikin bakinsa. Ƙa'idar da ake koya masa mai sauƙi ce: in ya ji zafi ya ɗaga hannu sama, a dakata. Yakan ɗaga duka biyun, wani lokaci har da ƙafa.

Mai Kara. Kishiyar na sama ne, kuma ya fi ba da wahalar ganewa. Allura ba ta kama shi sosai ba, abin da kan faru idan wurin yana da kumburi, amma kunya ta hana shi faɗa. Hawaye na gangarowa cikin kunnensa, yatsun ƙafarsa sun nannaɗe cikin takalmi, in an ce “Baba, da zafi?” sai ya girgiza kai, don kada ya ɓata wa likita aikinsa. Ƙara allura ba ya ɗaukar minti biyu. Dauriyar nan ba ta rage ko sisi a kuɗin aiki.

BAYAN AN KOMA GIDA

Duk warkewar ta rataya ne a kan gudan jinin da ke daskarewa a cikin gurbin. Shi yake rufe ƙashi da jijiya har nama ya tsiro, kuma kamar sabon daɓen siminti yake, ba abin da yake buƙata illa a daina takawa. Saboda shi ake cewa a ciji auduga na rabin awa zuwa awa ɗaya, kada a kurkure baki ko a yi tofi da ƙarfi na awa 24, kada a zuƙi lemo da tsinke, kada a sha abu mai zafi. Ko kurkurar alwala a ranar farko ana yin ta ne a hankali, a bar ruwan ya zuba da kansa. Daga rana ta biyu sai a riƙa kurkurewa a tausashe da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, musamman bayan cin abinci.

Mai Leƙe. Ba ya iya barin gurbin ya huta. Yana cire auduga duk minti biyar don ya ga ko jini ya tsaya, abin da ke hana shi tsayawa. Daga nan sai madubi da fitilar waya, sai harshe ya shiga sintiri dare da rana. A rana ta uku ko ta huɗu yakan hango wani abu fari-fari a ramin, ya yanke hukuncin shinkafa ce ko mugunya, ya ɗauko tsinken sakace. Sau da yawa sabon nama ne ya fara tsirowa. Ɗan jini kaɗan da ya cakuɗa da yawu yakan yi kamar mai yawa, kuma wannan ba abin tashin hankali ba ne a ranar farko.

Mai Ramuwar Ci. Daga asibiti wurin mai tsire ya nufa, don ya rama kwanakin da ciwo ya hana shi tauna. Leɓensa bai dawo ba tukuna, domin allurar tana ɗaukar wasu awanni kafin ta saki, don haka yakan tauna leɓen tare da naman, ko shayi ya ƙona shi bai ji ba. Abincin kwanakin farko mai laushi ne: kunu ko koko da ya huce, dafaffen ƙwai, ayaba, yogot, tuwo mai laushi da miyar kuka, ana tauna ta ɗaya gefen. Kilishi, rake, goro, aya, gyaɗa da guguru sai sun jira, domin masu tauri suna fama ciwon, ƙanana kuma suna faɗawa cikin ramin.

Mai Zuƙa Ɗaya. Mashayin sigari ko shisha ne da ya yi alkawarin haƙuri na aƙalla kwana uku, ya kuma cika awa uku. Zuƙar tana tumɓuke gudan jinin, hayaƙin yana rage jinin da ke zuwa wurin. Sakamakon shi ne busasshen gurbi: bayan kwana 3 zuwa 5, daidai lokacin da ya kamata sauƙi ya samu, sai wani zogi ya taso yana harbawa har kunne, baki yana wari, farasitamol ba ya ko gezau. Ya fi faruwa a haƙoran ƙasa. Maganinsa komawa wurin likita, a wanke ramin a cusa masa magani, wanda sau da yawa man kanumfari ne a cikinsa. Mai Zuƙa Ɗaya yakan rantse bai sha ba, ashana tana ƙara a aljihun rigarsa.

Sarkin Jinya. Kumburi yakan kai ƙololuwa a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya fara sauka. Muƙamuƙi kan yi tauri na kimanin mako guda, zaren ɗinki mai narkewa ya ɓace cikin kwana 7 zuwa 10, yawancin mutane kuma su koma aiki bayan kwana biyu ko uku. Sarkin Jinya yakan shimfiɗa wannan ya kai wata guda. Yana ɗaure kai da mayafi, yana magana da hannu, farfesun kaza kaɗai cikinsa ke karɓa. Duk wanda ya zo dubiya sai an nuna masa haƙorin a ƙullin leda, saiwarsa kuma tana ƙara tsawo a kowane ba da labari.

'Yan Dubiya. Ba a cire musu komai ba, amma suna cikin lissafi saboda tasirinsu. Kowa da maganinsa: a gasa kunci da ruwan zafi, a cusa taba gari, a ɗiga turare. Gashi a ranar farko ƙara kumburi da jini yake yi. Abin da ake so a lokacin ƙanƙara ce a naɗe cikin tsumma, a ɗora a kunci na minti 15 zuwa 20 a ɗauke, sannan a ƙara matashi a ɗaga kai wajen barci. Wanda aka cire wa na sama kuma akan hana shi fyace hanci da ƙarfi na wasu kwanaki, domin saiwar tana kusa da kogon da ke gefen hanci.

Mai Bin Umarni. Shi ne mafi ƙaranci, bayaninsa kuma gajere ne. Ya faɗi magungunan da yake sha, ya karya kumallo, ya ciji auduga, ya sha abin da aka rubuta masa a kan lokaci. Ya san alamun da ke mayar da mutum asibiti ba jira: jinin da ya ƙi tsayawa duk da cizon auduga, zazzaɓi, kumburin da ke ƙaruwa bayan rana ta uku, mugunya, wahalar haɗiya ko numfashi, da leɓen da ya wayi gari bai dawo ba. Yawanci ba ya ganin ko ɗaya. Cikin mako biyu yakan koma cin abin da ya ga dama, ramin kuma ya ci gaba da cikewa da ƙashi a hankali cikin 'yan watanni.