Wasiƙa daga Gindin Dutsen Beynac

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

Ka aiko cewa tunda ƙauyen da nake, Beynac a kudu maso yammacin Faransa, yana gindin fada, ai na zama bafade. To, buɗe kunne, ɗan ƙauye: ba don talaka aka gina wannan fada ba.

Tun ƙarni na 12 take ƙolin dutse, wajen mita 150 sama da Kogin Dordogne. Kusan zamanin ne Sarki Gijimasu ya fara ganuwar Kano, amma shi jama'a ya kewaye. Iyayen gidan Beynac kuwa sai suka haye sama abinsu, suka bar talakawa a matse tsakanin dutse da ruwa, su suna can suna ƙirga jiragen da za su biya kuɗin wucewa. Na san za ka ce in yaƙi ya zo ai can ake fakewa. To wa ya gayyato yaƙin? Sarkin Ingila Richard, mai laƙabin Zuciyar Zaki, ya ƙwace ta, Simon de Montfort ya maimaita a 1214. A Yaƙin Shekara Ɗari, daga 1337 zuwa 1453, Beynac na bayan Faransa, fadar Castelnaud da ke tsallaken kogi galibi tana hannun Ingila, suna ta hararar juna. Ka taɓa jin sarkin da ya tayar da runduna don kawai ya ci ƙauyen masunta?

Za ka kuma ce yau ai fadar ce ke ciyar da su. Wannan kam ka yi gaskiya, abin da ba ka saba ba. Mazauna ba su fi ɗari biyar da 'yan kai ba, amma a Yuli da Agusta baƙi kan cika lungunan, suna haki a kan hawa, suna ɗaukar hoton gidajen da har rufinsu falalen dutse ne. Sai dai ka lura, cin arziƙin ya zo ne bayan masu sarautar sun watse, fadar ta lalace, wani Lucien Grosso ya saye ta a 1962 ya shiga gyara. Kuɗin wucewa ma yana nan, tikiti ake ce masa yanzu, kuma mutane daga Ingila kan yi layi su biya da murmushi.

Batun rancen da ka nema, sai ka fara aiko da kilishin bara.

Ni ne ubangidanka.